Gilasan da Ban Binne Ba

Babankatami, Laraba 14 ga watan Mayu

Zuwa ga ƙanena Zakariya'u, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahamatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kamilu da duk ƴan garinmu da ke bida tare da ku. Allah ya sa albarka cikin kasuwarka, ya tsare ka da sharrin baƙunta, ya maido ka gida da ƙafafunka. Mu nan sai godiya. Zafi ya yi yawa bana, rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai da anka ƙara guga igiya. Maza sun gama sharar gona, ana ta duban gabas. Iya tana nan da ciwon gwiwarta, kullum sai ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, ni ko in ce mata ina zan sani, tun da hoton da kake aikowa daga wuya ne zuwa sama. Saniyarka ja ta haihu, mace.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To na san halinka. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana sai ka fara to Yaya, to Yaya, Allah ya kyauta, daga nan layi ya yanke. Takarda ba a katse ta, shi ya sa na ɗauko ɗan karatun manyan da na yi na zauna da biro. Abin da anka fara gaya maka, wai ɗiyata Mardiyya ta faɗo daga amalanke ta karye, ƙarya ce, kuma har da bakina cikin waɗanda sunka yi ta. Motarka ce ta buge ta, ɗanka Bashiru ne ke tuƙi. Na san Baffa Surajo ya kira ka shekaranjiya ya gaya maka tasa, yanzu ka ji tawa.

Sati shida ke nan, ranar kasuwa da hantsi. Mardiyya tana bakin hanya da tasar furarta inda ta saba zama. Bashiru ya taho da gudu don ya riga wata mota kwasar fasinja, ya kauce ma rami, sai ya yi kanta. Fitilar gaba ta hagu ta fashe a cinyarta, taya ya bi ta kan ƙwaurinta. Da na iso na iske shi durƙushe cikin ƙasa yana kuka yana kiran sunanta, har sai da maza biyu sunka ɗaga shi. Ban taɓa cewa da gangan ya yi ba, kuma ba zan ce ba. Yaron nan a bayana ya yi barci lokacin da matarka Salima ke jinya bayan haihuwarsa. Shi da Mardiyya taubasai ne, ba ya wucewa ta gabanta bai tsokane ta ba, ita ko ta ce sai ya biya kuɗin furar da ya sha tun bara.

Kafin a ɗauke ta ma Baffa Surajo ya iso, ka san shi in ya ɗaga sandar nan. Ya ce jini ɗaya ne, ɗan wa da ɗiyar ƙanwa ko ɗan ƙane da ɗiyar ya duk gida guda, kuma zuri'armu ba ta taɓa kai kanta birigad gaban jandarma ba, ba za a fara yana da rai ba. Ya sa anka tura motar bayan gidanka, anka share wurin da tsintsiya, anka zuba rairayi kan jinin. Bayan kwana biyu Bashiru ya kai motar Madawa anka sa sabuwar fitila. Ni ina tsaye anka yi duk wannan, ban hana ba. Da Baffa ya juyo ya tambaye ni ko na yafe, na ce na yafe, ƙaddara ce. Har ga Allah a lokacin na ɗauka abin kirki nake yi. Duk kasuwa ta ga abin da ya faru, amma yau in ka tambaya kowa zai ce maka ya tafi alwala a lokacin.

Da yake ba a son a je likita, wato asibiti, a yi ta tambaya, sai anka kai ta wurin tsoho Mati mai ɗori. Kafin ya ɗaure ƙafar ya zauna da ɗan hantsakinsa yana ciro gilasan fitila daga cinyarta, guda bakwai, ɗaya ya kai faɗin babban yatsa. Ka tuna al'adarsu tun kakanninsa, duk abin da ya fito daga jikin mai rauni sai a ƙulle shi a tsumma a ba uwa ta binne bayan ɗaki, wai ciwon ya bi shi ƙasa. Ya ƙulle ya ba ni. Ni ko hankalina ba ya jikina, na jefa ƙullin cikin kwalla na rufe, na ce gobe. Goben nan ba ta zo ba. Da anka yi sati huɗu ƙafar ta kumbura ta fara wari, zazzaɓi ya hana ta ko kurɓar ruwa, wallahi kaina na zarga. Na ce rashin binnewar nan ne ya jawo, na rasa wanda zan gaya wa don kunya.

Mati da kansa ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, mu tafi Madawa. A can da anka tambayi abin da ya same ta, Baffa ya ce amalanke, ni kuma na ɗaga kai, anka rubuta haka. Anka wanke ciwon, anka yi hoton ƙashi. Dokta ya ce ƙashin ya farfashe kuma ya fara ruɓa, sai an kai ta Yamai an kankare an sa ƙarfe. Ya ce allurar da suke yi mata za ta riƙe abin kamar kwana ishirin, in ya wuce haka ba a yi aikin ba, yanke ƙafar za a yi daga saman gwiwa don a tsirar da ranta. Yau kwana tara da faɗin haka. Abin da aikin zai ci, ko gonar gadonmu munka sayar ba za ta kai ba, na tambaya. Mijin Mardiyya yana Aljeriya, wata huɗu ba a ji muryarsa ba. Mace mai ƴaƴa biyu da ke cin abinci da tallan fura, ka gaya mini yadda za ta yi da ƙafa ɗaya.

Akwai wata majo, babbar mai jinya, a ɗakin da anka kwantar da ita, Madam Cima, ƴar Tamaske, mace mai faɗa amma mai tausayi. Rannan tana canza bandeji ta kore kowa ta bar ni, ta ce shekararta goma sha tara tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin amalanken da ke barin sawun taya a ƙwauri ba. Na fashe da kuka na gaya mata komai. Ta yi mini faɗa kamar ta mare ni. Ta ce asirans ɗin nan, wato inshorar da kake biya wa motar kowace shekara, ba don jandarma su bar Bashiru ya wuce a hanya kaɗai ake biyan shi ba, don irin wannan rana ce, in mota ta raunata mutum kamfanin ne ke ɗaukar jinyarsa. Ta ce da mun bar motar inda take, jandarma sun zo sun yi konsta, wato su auna wurin su rubuta abin da sunka gani, da tuni Mardiyya tana Yamai. Mu da hannunmu munka share haƙƙinta da tsintsiya. Zakariya'u, ni ban san haka ba, kuma na tabbata Baffa ma bai sani ba, a zatonsa takardar ta hanya ce kawai.

Ita ta aika ni ofishin asirans ɗin. Mutumin da na iske bai wulaƙanta ni ba, amma bai ɓoye mini komai ba. Ya duba ya ce takardar motarka tana da rai, farmin Bashiru na tuƙi ma lafiya lau. Sai dai a wurinsu babu wani hatsari da ya faru, tun da takardar likita amalanke ta ce, su kuwa ba sa biyan abin da jaki ya yi. Ya ce abu biyu yake so: takardar jandarma da ta nuna motar ce, da kuma sanarwar mai mota da sa hannunsa cewa ranar kaza motarsa ta buge wance. In sun samu, zai nemi manyansa su ba da takardar ɗaukar nauyi a kai ta Yamai. Ya ce an makara ƙwarai, ba zai yi mini alkawarin za ta fito cikin lokaci ba, amma in babu su ko nema ba za a yi ba.

Na dawo gida na buɗe kwalla, ƙullin yana nan yadda na jefa shi. Litinin da ta wuce na shiga mota na tafi birigad ta Buza ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na kwance tsumman a kan teburin kwamanda, na ce na zo in janye maganar amalanken da na yi a likita, ƙarya ce. Ya juya babban gilashin, ashe akwai haruffa da lamba a jikinsa, ya ce wannan na fitilar mota ne babu shakka, amma gilashi ba ya faɗin daga jikin wa ya fito, sai da shaida. Na koma wurin Mati ina tsoron ya ƙi, don shi da Baffa tare sunka yi ƙuruciya. Tsohon ya tambaye ni dalilin da ya sa ban binne ba. Na ce mantuwa. Ya ce to shi ya kusa kabari, ba zai tafi da ƙafar yarinya a wuyansa ba. Jiya ya je birigad ya dangwala yatsa cewa shi ya ciro su guda bakwai daga cinyarta.

Ba zan rufe ka ba game da Bashiru, don na tambaya. Kwamanda ya ce za a kira shi, za a riƙe farminsa, maganar za ta je gaban zuzu, wato alƙali. Tana yiwuwa tara ce, tana yiwuwa a tsare shi wasu watanni, kuma ɓoyewar da munka yi ba za ta taimake shi ba. Na san abin da na jawo masa, na san motar nan ita ke ciyar da gidanka. Tun Litinin Salima ba ta amsa gaisuwata, in na shiga ta wannan ƙofa sai ta fita ta waccan, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce kamar ni. Baffa ya ce kada in sake taka zaurensa. Shi ko Bashiru kullum yana zuwa Madawa ya tsaya bakin ƙofar likita da ledar ƙanƙara, ya ba mai gadi ya ce a kai mata, ya kasa shiga. Ya rame ƙwarai. Abin yana cin raina, don ina son yaron nan.

Yanzu saura kai. An gaya mini abin da Baffa ya ce ka yi, wai in an tambaye ka ka ce ranar motar tana garaji a Madawa. In ka faɗi haka, maganata da ta Mati za su zama gardama, a yi ta kai da kawo, kwana goma sha ɗayan da sunka rage su ƙare. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi, ko turmin zane. Yau ina roƙonka don Allah da darajar Iya, ka rubuta gaskiya a takarda ka sa hannu, ka ɗauki hotonta ka aika ta lambar mutumin asirans da na rubuta a bayan wannan takarda, ainihin takardar kuma ka ba mai zuwa. Ɗanka in an tsare shi zai fito ya same mu. In ka ga ba za ka iya ba, kada ka yi mini to Yaya, ka faɗa mini kai tsaye in san abin da zan gaya wa dokta.

Ka gaishe mini da Kamilu, ka ce uwarsa ta samu saƙon. Ka gaida Malam Idris mai masaukinku da iyalinsa, da Ahmadu na gidan Hindatu, ka ce masa an yi masa ɗa namiji. Iya tana sa maka albarka, ba mu gaya mata komai ba, har yanzu amalanke ta sani. Mardiyya ta ce in gaishe da kawunta, kuma in gaya maka ita ba ta riƙe Bashiru a zuci ba. Takalman Sallah da ka aiko mata sun iso, sun yi mata kyau a ido, suna ƙarƙashin matashinta cikin ledarsu. Ta ce ka yi haƙuri ba ta gwada ba tukuna, tana jira ta ga ko duka biyun za ta sa.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Tabawa