Gonar da Ba Kowa a Ciki

Zuwa ga Yaya Azumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da Inna da yara. Yaya zaman Sabon Birni a gidan mutane? Ƙafar Inna ta yi sauƙi?

Ni lafiya lau, sai sanyin Scotland, shi ma an saba. Har yanzu ina jinyar tsohon nan mai zane. Shekara hamsin yana zana duwatsu da tafkunan ƙasarsu, yanzu hannunshi na rawa, ni ke riƙe mishi fenti.

Na ba shi labarin gonarmu ta hanyar Gangara, sai ya zana min ita. Gero ya nuna, ga tsamiyar Baba, amma ba kowa a ciki. Raina ya ɓaci. Na ce, "Gona da kaka ba mutum? Ai sai da 'yan bindiga suka tashe mu ta zama haka!" Ya ce shi ma haka ya tarar da tuddansu. Korar kakanninshi aka yi, aka zuba tumaki. Na ce, "Yaushe suka koma?" Ya ce har yau ba su koma ba. Shekara ɗari biyu ke nan, Yaya.

Za ni aiko da maganin Inna. Irin geron da take ɓoyo a tulu tana jiran komawa, ki bar mata abinta, kada ki ba ta labarin nan. Zanen kuwa na juya shi yana kallon bango.

Allah Ya tsare ku.

Ƙanenki,
Kassimu