Dawakan Hanyar Abu Sir

Darrasa, Alƙahira
9 ga Maris, 2012

Yaya Azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya sa sabon maganin ya karɓe ta. Mu nan kalau muke. Zara ta fara cakuɗa Hausa da Larabci, kome aka ce mata sai ta ɗaga hannu ta ce khalas, wato shi ke nan.

Kin tambayi aikin da maigidana Malam Sada ya samu. Tuƙi ne. Wani mai gonar shanu, Hajji Hamad, ya ba shi a-kori-kura yana ɗauko madara daga ƙauyen Abu Sir zuwa shagunan unguwar Zamalek, ranakun da ba shi da darasi. Alhamdu lillahi, rufin asiri ya samu. Amma Yaya, tun da ya fara hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Hanyar siririya ce, ƙorama a gefe guda, gonaki a ɗayan, ga tifofin yashi, ga ƙananan bas na haya da suke kira mikrobas, ga keke mai ƙafa uku da suke kira tuk-tuk. Sannan ga dawaki. Mutanen wajen da dawaki suke cin abinci, suna ɗora baƙi masu zuwa kallon dala, manyan gine-ginen nan na tarihi. Tun rikicin bara baƙin suka ɗauke ƙafa, wasu masu dawakin suka kasa ciyar da su, suka kwance musu ragama suka sake su. Malam ya ce yawancinsu irin ƙurun nan ne gajeru, duk haƙarƙari a waje, suna kiwo a bakin kwalta suna tonon bola. In mota ta yi oda, maimakon su yi gona sai su faɗo tsakiyar titi.

Shekaranjiya ya dawo ya kasa cin abinci. A gabansa wata mikrobas ta kauce wa doki ta afka ƙorama, shi da wasu suka riƙa zaro mutane ta taga. Bai gaya mini nawa ne suka fita da rai ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai wanke wandonsa da ya sha laka.

Na roƙe shi ya bar aikin, ya ce in yi haƙuri a gama jarrabawa. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mardiya

Darrasa
22 ga Afrilu, 2012

Yaya Azumi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, Inna kuma tana samun sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, amma ki sani duk mu ukun muna raye.

Ranar Juma'a matar Hajji Hamad ta gayyace mu cin abinci a gona. Bayan la'asar muka kamo hanya, Zara tana kan cinyata. Ba mu yi nisa ba na hango dawaki uku a bakin ƙorama, cikinsu da wata farar goɗiya da ɗanta. Sai ga tifa ta tunkaro mu, direban ya danna oda. Goɗiyar ta zabura ta yi tsalle ta dira gabanmu. Hagu tifa, dama ruwa, Malam ba shi da wurin kaucewa. Ya taka birki, amma ina!

Yaya, ban taɓa sanin doki yana irin wannan kuka ba. Gilashi ya tsage, kan Zara ya bugi haɓata, jini ya cika mini baki. Kafin mu dawo hayyacinmu mutane sun fito daga gonaki da sanduna sun kewaye motar. Wani ya miƙo hannu ya zare makulli, wani ya finciko Malam waje ya shaƙe masa wuyan riga. Kin san yadda ƙasar take yanzu, ɗan sanda ya yi wuyar gani a karkara, jama'a su ke yanke hukunci da kansu. Mu kuma baƙi, baƙaƙen fata, takardar zaman Malam ta karatu ce, ba ta aiki ba. Na kifa fuskar Zara a ƙirjina ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Can sai taron ya dare, wani tsoho cikin shuɗiyar jallabiya ya shigo. Bai kalli kowa ba. Ya durƙusa ya ɗora kan goɗiyar a cinyarsa yana shafa gezarta har ta daina shure-shure, ɗan nata yana ta zagaya su. Da ya miƙe sai ya tsaya gaban Malam, idonsa jawur, ya tambayi sunansa da inda yake zaune. Malam kuwa ya faɗa masa gaskiya, har lambar gida. Tsohon ya sa aka mayar da makulli, ya ce yalla, mu tafi.

Tambayar nan ta hana ni sukuni. Me zai yi da adireshinmu? Maƙwabciyata Fatuma 'yar Maraɗi, wadda ta shekara goma a nan, ta ce mutanen karkara ba sa gaggawar ramuwa, amma ba sa mantawa. Malam ya daina fita aikin. Kowane takun ƙafa a kan bene sai gabana ya faɗi.

Don Allah kada Inna ta ji. Ki gaida yara.

Taki,
Mardiya

Darrasa
8 ga Mayu, 2012

Yaya Azumi,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jikin Inna? Saƙonki ya iso, na gode da saukar da kika sa aka yi mana. Leɓena ya warke, ƙulun goshin Zara ma ya sace.

Tsohon ya zo, Yaya. Sau biyu mai gadin gida yana ce masa ba ma nan. Na uku da hantsi ya zo, Malam yana makaranta, ya hawo har ƙofarmu ya ƙwanƙwasa. Na leƙa ta ramin makulli na ga shuɗiyar jallabiyar. Na toshe bakin Zara, na buga wa Malam waya da raɗa, na ɗauko wuƙar kicin na tsaya a bayan ƙofa, ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba, sai dai a yanka mini. Shi kuwa ya zauna a kan matakala ya yi ta jira, ina jin tarinsa, har Malam ya iso da abokan karatunsa biyu.

Sunansa Ammu Sharif. Ina jin duk abin da ya faɗa. Ya ce ɗan goɗiyar ya ƙi ciyawa, nono yake nema, yau da ƙyar yake tsayuwa, shi kuma ba shi da abin ba shi. Ya ga tankin madara a motar Malam tun ranar, ya gane na gonar Hajji Hamad ne, amma talaka irinsa yana jin nauyin tunkarar Hajjin. Roƙonsa Malam ya yi masa iso, ko Hajji zai karɓi ɗan dokin kyauta ya raya shi. Malam ya fara ba shi haƙuri a kan uwar, sai ya katse shi ya ce, "Ba kai ka kashe ta ba, ɗana. Ni na kashe ta ranar da na kwance ragamarta."

Na sulale na zauna a ƙasa, wuƙar tana hannuna, na yi kukan da ban yi ba ranar hatsarin. Daga baya na buɗe ƙofa na kai masa shayi, rabinsa ya zube a faranti.

Hajji ya karɓa. Jiya Malam ya ɗauki ɗan dokin ya kai gona, aka ba shi madara a kwalba ya sha. Gobe kuma zai koma aiki.

Kafin Ammu Sharif ya tafi ya ce yana da sauran dawaki huɗu a bakin titin. Ya kwatanta su ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da inda suka fi tsayawa, don Malam ya rage gudu in ya kusa. Malam ya rubuta a bayan littafinsa na nahawu, ya nuna mini don hankalina ya kwanta. Na tambayi Malam dawaki nawa yake gani a hanyar kullum. Ya ce bai taɓa iya ƙirga su ba.

Kada ki gaji da yi mana addu'a, Yaya, musamman da hantsi, lokacin da yake kan hanya. Ki gaida Inna da kyau.

Ƙanwarki,
Mardiya