Kaza Ta Faɗi, Yaya Sidi Bai Dawo Ba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. A bayan kayena, littafin da nake lissafi a ciki, nake rubuta ta, a kan soro, da hasken tocila, don na kasa sauka ƙasa.

Gida lafiya, sai zafi. Kuran, wutar lantarki, yana ɗaukewa kullum. Akuyarka ta haifi biyu. Jarrabawar birebe ta matso, amma ba na gane abin da nake karantawa. Idon Inna ya ƙara lalacewa, yanzu ko zare ni nake saka mata a allura.

Baba, Yaya Sidi bai dawo ba.

A ƙarshen sanyi ya samu tuƙin wata mota mai kai wa masu haƙar zinariya ruwa a Jado. Ranar da zai tafi Inna ta tambaye shi yaushe zai dawo, sai ya kwaikwayi muryarka ya ce kafin Kaza ta faɗi. Ka tuna kai ba ka taɓa ba mu rana ba in za ka shiga hamadar Tenere, tauraro kake ba mu. Shi da wasa ya faɗa. Inna kuwa ta riƙe maganar. Kiransa na ƙarshe daga Dirku ne, yau kwana ashirin da shida. Waɗanda suka tafi tare sun dawo makon jiya, sun ce ya rabu da su a wata rijiya don ya yanke hanya. Salularsa ba ta shiga. Kowa cewa yake babu rezo a can. Na sani. To me ya sa suke sunkuyar da kai in suna faɗa?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk daren da ka hau da Yaya nan sama kana koya masa taurari, ina zaune a kan matakala ina ji. Shi yana dariya yana cewa GPS ya kashe wannan aikin, ni kuwa ina haddacewa. Na san Kaza da ƴaƴanta. Na san taurari bakwai da abokanka Abzinawa suke kira Talamt, taguwa, da yadda ake bin biyu na bakinta har a kai ga tauraron da ba ya motsi, wanda in ka sa shi a kafaɗar dama kana fuskantar yamma. Na san yadda ake miƙa hannu a auna sama da yatsu. Sau da yawa na so in ce maka na iya. Kunya ta hana ni. Ka tafi kana zaton abin da ka sani ya mutu tare da kai.

Kuma kunyar nan ce ta sake kama ni daren da Yaya yake ɗaure kaya. Na zana masa taguwar a takarda, da kibiya mai nuna tauraron arewa. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa, abokansa suna ciki suna shan shayi, na ji tsoron su yi mini dariya. Takardar tana nan cikin kayena. Baba, in batir ɗinsa ya mutu a tsakiyar rairayi, me zai duba? Zai tuna abin da ka faɗa masa? Da na miƙa masa, da yanzu yana gida?

Tun da ya tafi nake hawa soro bayan magariba ina auna Kaza da zankon gidan maƙeri da ke yamma da mu. Da farko tana can ƙoli, sai na ɗaga kai sosai. Mushe, malaminmu na lakwal, ya ce taurari suna riga jiya da minti huɗu kowace rana, ba ruwansu da kowa. Na ga haka da idona. Ta sauko taƙi biyu, ta dawo taƙi ɗaya, ta dawo yatsu huɗu. Duk na rubuta.

Inna ba ta ganinta. Kullum tana zaune a gindin matakala da carbi, in na sauko ta tambaye ni ko tana nan. Kwana goma ke nan ina ce mata saura taƙi guda. Ƙarya nake yi wa Inna, Baba. Ni da ban taɓa yi mata ba.

Shekaranjiya ƴaƴan biyu kawai na gani, cikin jan gari, dab da zanko. Jiya na ce ƙura ce ta rufe su. Yau babu ƙura. Na duba har idona ya yi ruwa, na rufe ɗaya na buɗe ɗaya, na hau kan turmi. Babu. Kaza ta faɗi.

Ga shi ina jin ƙarar carbinta daga nan. Ta kira sunana sau biyu.

Na tuna ka ce wa Yaya Kaza ba ɓata take yi ba, kwana arba'in take ɓuya, sannan ta fito ta gabas kafin asuba. Gabas ce hanyar Dirku. Amma mutum ba tauraro ba ne, Baba. Mutum kwana nawa yake yi babu ruwa a wannan zafin? Kai ka sani. Ni ma na ji ka faɗa, daga kan matakala.

Zan sauka in gaya mata gaskiya. Zan gaya mata zancen kwana arba'in ɗin, na ruwan kuwa zan riƙe a cikina. Gobe zan kai takardar nan tasha, in ba direban farko da zai nufi Dirku, ko da duk tashar za ta yi mini dariya.

In yana wurinka, Baba, ka ce ya yafe mini. In ba ya wurinka, Allah ya sa ya ɗaga kai.

Sai wata rana. Inna ta kira na uku.

Ɗiyarka mai zama a matakala,
Uwani