Inna Ta Ce Sai Agadas

Gummi, 9 ga Maris, 1985

Zuwa ga Yaya Sodangi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Safiya da yara. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, wata magana ce ta taso, ta hana gidan nan sakat. Ranar kasuwa Inna ta ji wani Buzu mai sayar da cuku yana magana, ta tsaya ta tambaye shi garinsu. Ashe mutumin Agadas ne, kuma ya san ƙanwarta Maimunatu, wadda rabonsu da juna tun ranar da Baba ya auro Inna ya kawo ta Gummi. Ya ce tana nan da rai, amma farin nan ya cinye dabbobinsu, mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi Libiya ba labari.

Tun daga ranar Inna ba ta cin abincin kirki. Ta ce sai ta je ta ɗauko ta. Na kai ta wurin Sista Gladys, nas ɗinmu ta nan, ta auna ta, ta ce jininta ya hau, tafiya cikin zafin nan ganganci ne. Inna ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, zaman ma ba lafiya ba ne."

Ɗan'uwanmu Magaji ya zo daga Bukkuyum, ya ce in an yi hutun makaranta zai raka mu. Amma shi bai taɓa wuce Illela ba. Kai ka yi shekaru kana tuƙa mota a hanyar nan. Ka ba mu shawara.

Ka huta lafiya. Ni ce ƙanwarka,
Murjanatu

*

Anka, 17 ga Maris

Murjanatu,

Na ga takardarki. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda take, da sanda nake zuwa masallaci.

Shawarata guda ce, kada ku je. Ba a zuwa Agadas da bazara. Mu da muke da ƙarfi ma, a watan huɗu ƙarƙashin mota muke shiga mu kwanta sai la'asar. Ga boda a rufe. Ku jira sanyi.

Amma na san Inna. In ta ƙi ji, to ki riƙe abin da zan faɗa miki.

A Illela kada ku bi ta ƙofar boda. Magaji ya nemi wani Dodo mai gyaran taya a tasha, ya ce ni na turo shi, zai haɗa ku da masu jakai su ƙetare da ku zuwa Ƙonni. Jandarma in sun tsare ku, ki bar Inna ta yi magana, Hausarta irin tasu ce. Daga Ƙonni zuwa Tawa akwai kwalta, daga nan ma har Agadas an shimfiɗa, amma bayan Abalak babu inuwa, babu rijiyar da za ku dogara da ita. Ku nemi motar da ke tashi da asuba. Ki roƙi direba ya sa Inna a gaba.

Ruwa a salka za ku zuba, jarka tafasa shi take. Kada ki jira Inna ta ce tana jin ƙishi, tsoho ba ya ji sai ya faɗi. Ki riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Ku riƙe dabino da garin gero da ɗan gishiri. Ki rufe mata kai da wuya da zane mai kauri, mai shara-shara ba ya tare komai. In kin ga ta daina gumi, ki tsayar da motar ko da ihu ne.

In kun isa, ki nemi hasumiyar babban masallaci, daga ko'ina ana hango ta. Lungunan tsohon gari suna ɓatar da mutum, da ita za ki riƙa gane hanya. Tsakar rana kada ku fita. Ku ɗauko tsohuwa ku juyo, ku dawo kafin azumi.

Ki dawo mini da uwata, Murjanatu.

Yayanki,
Sodangi

*

Tawa, 6 ga Afrilu

Yaya Sodangi,

Gaisuwa a gurguje, mai kawo takardar nan motarsa na shirin tashi.

Mun ƙetare lafiya, Dodo ya yi mana kirki, yana gaishe ka. Amma kafin mu shigo Tawa Inna ta yi shiru, na taɓa goshinta na ji shi a bushe kamar tukunya a kan wuta. Na yi ta dukan jikin mota har direba ya tsaya. Muka jiƙa zane muka lulluɓe ta, ta farfaɗo. Abin da ta fara cewa shi ne, "Mun iso?"

Magaji ya ce mu koma. Sun yi cacar baki sosai da Inna. Ta ce masa shi ya koma, ita ta san gabas ta san arewa. Muna hutawa a gidan wata mai tuwo sai ta ƙara ƙarfi. Ka sa mu a addu'a.

Murjanatu

*

Agadas, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Sodangi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mun iso, Inna na nan da ƙafafunta.

Tun kafin mu shiga gari na ga abin da ban taɓa gani ba. Bukkokin tabarmi ne jere a bayan gari, makiyaya da dabbobinsu suka ƙare, mata zaune da ƙwarya suna jiran rabon hatsi. Ba mai kuka, Yaya, shirun ne ya fi ba ni tsoro.

Da Inna ta hango hasumiya sai ta kama hannuna ta matse. Ba mu tambayi kowa hanya ba. Ita ta shige gaba, lungu bayan lungu, tana faɗin sunayen masu gidajen, mutanen da duk sun mutu. Ta tsaya a wata ƙofa ta yi sallama.

Inna Ƙarama, Maimunatu, tana kwance a kan tabarma, ba ta iya tashi. Ƙafafunta sun kumbura, sauran jikin kuwa ƙashi ne. Wata maƙwabciya ce ke leƙo ta in ta samu sarari. Inna ta durƙusa ta ce, "Maimunatu, Saude ce." Inna Ƙarama ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Kin daɗe." Shi ke nan abin da ta faɗa. Inna ta nemi ruwa ta shiga yi mata wanka.

Mun kira malamin asibiti. Ya ce in muka sa ta a mota ba za ta kai Abalak ba. Na ce wa Inna to mu bar wa maƙwabciyar hatsi, mu koma, da sanyi mu dawo. Jiya na same ta ta kwance ƙullin kayanta duka, ta jera a ɗaki. Ta ce, "Ku ku tafi. Kina da yara, kina da makaranta."

Na yi roƙo, Magaji ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Direba ɗan Sakkwato da zai kawo maka takardar nan zai juyo nan da mako guda, ka ba shi amsa. Kai ne babba, wataƙila ta ji taka.

Ƙanwarka,
Murjanatu

*

Anka, 27 ga Afrilu

Murjanatu, ki karanta wa Inna wannan.

Inna, ina gaishe ki, ina neman albarkarki. Garin da masu shi ke gudu saboda yunwa, nan za ki zauna? Wa zai auna miki jini? In wani abu ya same ki, da wace ƙafa zan zo, ta wace boda? Na san 'yar'uwarki ce. Amma ki tuna mu ma ke kika haife mu. Don Allah ki shiga mota.

Ɗanki,
Sodangi

*

Agadas, 5 ga Mayu

Sodangi,

Ni ka magana, Murjanatu ka rubutu. Ina gaishe ka, ina gaida Safiya da jikokina.

An karanta min takardarka. Ban manta ni na haife ku ba. Amma ku kuna da shinkafa, kuna da junanku. Ita wagga ba ta da mai ɗaga mata kai ta sha ruwa.

Gobe su Murjanatu za su taso. Kada ka yi mata faɗa, kukan da ta yi ya isa.

In Allah ya fara ɗaukar Maimunatu, kuma ina da sauran ƙarfi, zan taho. In ni ya fara ɗauka, nan ma akwai ƙasa, kuma uwata na cikinta.

Ka yafe mini. Ni na yafe maka. Allah shi yi maka albarka.

Innarka,
Saude