Goron da Na Kai Maɗaba'a

Litinin, 2 ga Satumba

Shekarun baya, ina koyarwa a Tsibiri, na ji wata magana a teburin mai shayi. Wai a Maraɗi masu maɗaba'a in sun tara takardun masu neman aiki, mai tsire suke kwasar wa ya naɗe nama. Difloma guda, da hatimin gwamnati a jikinta, da yaji a kanta. Na yi dariya, na ce wannan ko Gizo bai kai ga ƙulla ta ba. Ni da na ƙare ƙarfina ina ce wa 'yan lakwal, ɗalibaina, takarda ce mabuɗin kowace ƙofa.

Samira ta sa maganar ta faɗo mini yau. Autata. Tun bara ta dawo daga Yamai da lisans ɗinta na zane, wato digirin jami'a, tana zaune. Yanzu Alhaji Maman Lawali, mai maɗaba'ar bayan babbar kasuwa, ya kafa sanarwa yana neman mai tsara masa zane. Ta ce, "Baba, in wannan bai yi ba, Yamai zan koma." Tana tankaɗe ta faɗa, kamar mai ba da labarin gishiri ya ƙare.

Tun rasuwar uwarta mu biyu ne a gidan. In ta tafi, daga ni sai rediyo.

Amma ya za a yi bai yi ba? Da lisans? A garin da mai zanen allon aski ke zana kan mutum kamar kabewa?

Laraba, 4 ga Satumba

Na wuni a meri, ofishin magajin gari, ana buga wa kwafin takardun Samira hatimi. Lisans, bakaloriya, birebe, har satifikan firamare ban bari ba. Dosiye, kundin takardun, ya yi nauyi, ya yi kwarjini. Na kawo gida na aje gabanta, ko kai ba ta ɗaga ba. Tana kan ordinatar, kwamfutarta, tana jera zane-zanenta: allon wani mai gyaran salula, katin bikin ƙawarta, da takardar da ta yi wa matan Jiratawa kyauta, suna liƙa wa ledar busasshen zogale.

Na ce su za ki kai? Ta ce su za a duba.

Zogale. An yi karatu har Yamai, a zo a nuna wa mutane zogale.

Asabar, 7 ga Satumba

Barnaba ya zo daga Tsibiri. Tare muka yi koyarwa, shi da cocinsa ni da masallacina, ba mu taɓa faɗa kan wannan ba, faɗanmu duk a kan dara yake. Muna cikin wasa ya saki maganar a hankali kamar mai sakin akuya a gonar maƙwabci: ɗansa Mika ma ya kai takarda wurin Alhaji.

Mika! Wanda jarabawar birebe ta ƙaramar sakandare ta kayar. Wanda ke zaune bakin hanyar Tsibiri yana liƙa wa baburan 'yan kabu-kabu hoton zaki da mikiya a tankin mai.

Ya ce, "Mushe Gado, yaron nan hannu gare shi." Haka ake kira na, Mushe, wato malamin lakwal.

Na ce hannu ko biri yana da shi, har huɗu.

Ya ce, "To biri dai ba ya jiran hatimin meri kafin ya hau icce."

Na cinye shi dara. Matarsa Dorkas ta aiko mini da dakuwa, na ci, amma ban yafe ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Abin da na sani ke nan tun tasowata: ba a tura yaro gaban manya haka nan kamar maraya. Babba ke fara zuwa, ya gaisa, ya aje goro, ya ce ga 'yar wane. Haka aka yi mini, haka na yi wa yayyenta. Ban gaya wa Samira ba, don yaran yanzu ba su san alherin da ake yi musu ba sai an binne mai yin.

Bayan masallaci na sa babbar rigata, na sayi farin goro mai kyau, na tafi gidan Alhaji. Ya karɓe ni hannu biyu, ya tuna na karantar da ƙanensa. Na zaro asalin diflomar Samira, wadda ke cikin gilas, na miƙa. Ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wani. Ya ce, "Mushe, ni fa ko sunana da dangwale nake sa shi. Maganar ɗaukar ma'aikata tana hannun Zainabu. Ka taka maɗaba'ar ka gan ta." Ya ɗauki goro ɗaya, ya ce in kai mata sauran.

Na taka. Ƙarar inji, warin tawada, ba wanda ya ce mini sannu. Wata yarinya ce durƙushe bayan inji, hannu baƙi ƙirin har gwiwa, ɗankwali ya karkace. Na ce, ke yarinya, wanke hannu ki kira mini Hajiya Zainabu, ki ce mata baƙo ne daga wurin Alhaji.

Ta miƙe a hankali. Ta ce, "Ga ta."

Ɗiyar Alhaji ce ashe. Wa zai ce? Da na tsaya nan da ya fi. Amma bakin malami ba ya rufuwa da sauƙi. Na aje goro bisa tebur, na jingina diflomar, na yi mata bayani dalla-dalla: mece ce lisans, me ya raba wanda ya zauna gaban malamai da mai liƙa zaki a babur. Har sunan Mika na kama, Allah ya sani.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Baba, kai ke neman aikin?"

Na ce a'a.

"To wadda ke nema ta taho ranar Talata da aikin hannunta. Goron kuma ka ba masu inji, ni ba na ci."

Ba ta ci! Kamar don a ci ake kai goro. Tarbiyya ta ƙare a garin nan. Alhaji ya tara dukiya ya manta bai tara ladabi a gidansa ba.

Talata, 17 ga Satumba

Samira ta fita da safe da ordinatar a jaka. Da ƙyar na cusa mata dosiyen.

La'asar ta dawo. Ba sallama mai daɗi. Ta tsaya a ƙofar ɗakina, abin da ba ta yi.

"Baba, goro ka kai?"

Wai abin da aka fara tambayarta ke nan, gaban sauran masu nema: ke ce ɗiyar mai goro? Masu inji suka ce a gode wa tsoho, ya yi daɗi. Aka yi dariya. Mika kaɗai ya sunkuyar da kai.

Dosiyen fa? An karɓa, an aza bisa wani tulin takardu a kusurwa, ba a buɗe ba. Aka zaunar da su, aka ce kowa ya tsara takardar da za a liƙa wa kwalbar maganin ƙwari, ta yadda manomin da bai iya karatu ba zai gane kada ya zuba ruwan sha a ciki in ta ƙare. Shi ke nan ganawar. Ba wanda ya tambayi makarantar kowa.

Na ce ai wannan wasan yara ne, ba jarabawa ba.

Ta ce, "Ina zane, Baba, ina jin suna tauna."

Na ce don ke na yi. Ta ce ta sani, shi ne abin da ya fi ciwo. Ta shiga ɗaki.

Laraba, 18 ga Satumba

Tuwo ya zo a rufe, ba magana. Gishiri ya yi yawa. Na ci a haka, ban kuwa ga laifina ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Mika aka ɗauka.

To madalla. A rufe jami'o'i, a mai da su rumbunan gero. Kowa ya sayo wa ɗansa almakashi da hoton zaki.

Alhamis, 26 ga Satumba

Dalili ya yi yawa, kowa da nasa, kamar labarin wutsiyar kura. Wani mai inji ya ce wa maƙwabcina aikin Samira ya fi, amma Zainabu ta ce ba ta son ma'aikaciyar da in an yi mata faɗa da safe ubanta zai iso da babbar riga da azahar. Wani ya ce masu lisans ba su zama, da sun samu hanya sai Yamai. Alhaji da na gamu da shi a jana'iza cewa ya yi rabo ne, ya wuce da sauri.

Na farkon ƙarya ne. Dole ƙarya ne.

Barnaba ya zo, bai kawo dara ba. Na ce in murna ka zo yi, ga tabarma, yi ka tashi. Ya ce, "Mushe Gado, tsufa bai rage maka komai ba sai haƙora." Ya ce ya ji abin da na faɗa kan ɗansa a maɗaba'a, Mika da kansa ya ji, yana bayan ƙofa ya kawo aiki. Na ce gaskiya na faɗa. Ya ce ai bai ce ƙarya ba ce, cewa ya yi ya ji.

Sannan ya ce wani abu. Wai tun ranar da yaron ya fara aiki, kullum sai ya kira Samira a salula. Launin da ke fita daidai a ordinatar ya fito dabam a takarda, bai san dalili ba. Ita ta sani, an koya musu. Tana gaya masa.

Na ce wato shi ke da kujera, ita ke da karatu, kuma kyauta take zuba masa kamar ruwan randar masallaci. Barnaba ya ce, "Ni ma abin bai yi mini daɗi ba." Ban yi tsammanin wannan daga bakinsa ba, sai na rasa inda zan sa fushina. Na raka shi har bakin titi, ba don komai ba, ƙafata ce ke son miƙewa.

Lahadi, 29 ga Satumba

Samira ta fara haɗa kaya. Akwatin uwarta ta ɗauka. Na bar mata gidan na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, wai zan sayo tattasai.

Ban kai ga tattasai ba wata mata ta tare ni bakin magudanar ruwa, Saudatu, shugabar masu zogale. "Lale da baban mai zane!" Shekara da shekaru ina Mushe Gado a ƙasar nan, yau na koma baban mai zane. Ta ja ni rumfarsu. Leda a jere, kowace da takardar. Sai yau na dube ta da kyau. Hannun mace ne riƙe da reshe, da zobe a ɗan yatsa, kore bisa fari, ba tarkace. Saudatu ta ce 'yan kasuwar da ke zuwa daga Jibiya ba su san sunan ƙungiyarsu ba, cewa suke a ba su mai hannu. Ta ce hannunta ne, Samira ta zaunar da ita ƙarƙashin mangwaro ta zana. Ta ɗaga mini hannun in gani, da zoben.

Ta ce ta ji Samira za ta tafi. "Mushe, ku manya ba ku iya riƙe abu mai kyau ba."

Na ce ba ruwanta. Ta cusa mini leda ɗaya a aljihu. Tattasai ban saya ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Jiya na koma maɗaba'a. Ba riga, ba goro. Ba haƙuri na je bayarwa ba, a rubuta wannan. Zanen kwalbar maganin ƙwari na je karɓa, tunda na Samira ne, kuma a Yamai za su so ganin aiki. Na ce, Malama Zainabu, ina wuni. Ta dube ni, ta goge hannu, ta ce ina wuni Baba. Ta sa Mika ya buga shi a takarda mai kauri. Shi ya naɗe ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce masa ya gaida uwarsa, dakuwar ta yi daɗi. Ban tambayi dalilin da ya sa ba a ɗauke ta ba. Ita ma ba ta faɗa ba. Na duba kusurwa, tulin takardun nan ba ya nan.

Yau da safe na kai Samira tasha. Diflomar gilas ta bar ta a bango, ta ce ta yi nauyi, in an nema za ta aiko. Na ba ta zanen. Ta warware, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai ka je?" Na ce hanya ce ta biyo da ni.

Wani dattijo da ke jiran mota ya tambaye ni me ɗiyata ta karanta. Na buɗe baki zan ce lisans, sai na ji ledar Saudatu a aljihu. Ita na zaro na nuna masa. Don ta fi kusa ne kawai.

Gidan shiru. Rediyo ma ƙara gare shi yau.

Maganar mai tsire kuwa, na sake jin ta. Wai wanda ke ƙofar kasuwa ta yamma kwana biyun nan takardarsa duk da hatimin meri, har masu saye na cewa naman ya samu shaidar gwamnati. Har yanzu ban gani da idona ba, ba kuma zan je dubawa ba. Amma wannan karon ba a teburin mai shayi na ji ba. Ta tagar mota aka gaya mini, mota na ja, ana dariya, dariyar farko tun ranar goro. Samira ce.