Ganyen Buni da Butar Alƙali

Kalkata, 9 ga Safar, 1312

Zuwa ga mai ɗakina Saja,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen unguwa baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan? Ina gaida Yaya Samad da yake karanta miki wannan takarda, ina kuma roƙonsa ya karanta abin da na rubuta kawai, ban da ƙarin gishiri irin nasa. Ni lafiya lau, sai dai ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa, har tabarmata ta yi fumfuna.

Gara in faɗa miki tun da fari: bana ma ba zan samu zuwa ba. Na san abin da na ce bara, na san abin da na ce bara waccan. Wani alƙalin Turawa ne zai koma ƙasarsu, matarsa ta ba shagonmu aikin kayan shayi na azurfa, buta da kwanon sukari da na madara da babban tire, duka da zanen ganyen buni, bishiyar nan tamu ta gida Kashmir. Sahib, Baturen da ke da shagon, ya ce butar ba mai taɓa ta sai ni. Mu goma sha biyu ne masu zane a layi, ni ne a gaba kusa da taga, kuma duk a hannuna suka koyi ganyen nan. In na gama wannan zan tattara, in Allah ya yarda.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An kawo mana sabon mai guduma, cikin masu bugun azurfa su fitar da jikin buta kafin a miƙo mana mu zana. Sunansa Lassa, mutumin garinmu ne, daga wajen gada ta uku. Guduma ta kashe masa kunne ɗaya, don haka in zai yi magana sai ka ce mai kiran kwalekwale daga tsallake. Da na ji harshenmu a bakinsa murna ta kama ni, don na daɗe ban ji shi ba sai a bakina in ina addu'a. Murnar ba ta kai azahar ba. Ya zo ya tsaya a kaina ya leƙa, ya kira ni Usta, yadda ake kiran babban gwani, ya ce, "Usta, sannu da aiki. Wannan kabewar ta wace gona ce?" Na ce wace kabewa. Ya ce, "Ganyen nan mana. Ashe Turawa na son miyar kabewa haka?" Na ce masa buni ne. Ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Buni? Wallahi in buni ya ga wannan, ƙara zai kai ka!"

Sauran ba su jin harshenmu, amma dariya ba ta neman tafinta. Tun ranar ban ƙara yi masa magana ba.

Don haka ki tsinko mini ganye ɗaya daga bishiyar ƙofar gidanmu, ki sa a cikin amsarki. Ba shakka nake yi ba. Ni da aka haifa a inuwarta? So nake in rufe bakin mai surutu.

Naki har kullum,
Subhan

Kalkata, 14 ga Rabi'ul Awwal, 1312

Zuwa ga mai ɗakina Saja,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Na gode Allah da gwiwa ta yi sauƙi. Ina gaida Yaya Samad.

Takardarki ta zo. Na buɗe, na zazzage, na leƙa cikin ambulan, ba ganye. Sai layin nan da kika sa aka rubuta: bishiya tana nan inda na bar ta, ba ta da ƙafa, mai ƙafa shi ya kamata ya zo. Na so in ɗora wa Yaya Samad laifi, amma na san muryarki. Kwana uku ina fushi. Fushin da ba mai ganinsa kuwa wahala ce kawai, haka na haƙura na sauko.

Bari in faɗa miki gaskiya, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na koma ɗakina, na rufe ido na ce bari in ga bishiyarmu. Na ga gindinta, na ga matakalar kogi inda kike wanke shinkafa. Da na ɗaga kai in ga ganye, sai na ga nawa, na azurfa, jere reras kamar yadda nake jera su a jikin buta. Na buɗe ido na sake rufewa, haka. Tsoro ya kama ni, Saja.

Na san yadda abin ya faru. In an gama buta, sai mu shafa mata baƙin fitila mu manna takarda, zanen ya fito, da shi za a yi ta gaba. Ta gaba ma a ɗauki nata. Kuma tsinin ganye yana cin lokaci, wani sa'in ya ɓula azurfa in ta yi sirara, sai ka ɗan zagaye shi yau, gobe ka ƙara zagayewa. Shekara tara ina kwafar hannuna, ban taɓa zama na tuna ganyen kansa ba.

Na haɗiye girman kai na je wurin Lassa da takarda da gawayi, na ce tunda ya fi kowa sani ya zana mini. Ya daɗe yana gumi, ya miƙo mini wani abu kamar sawun kaza. Na ce, "Wannan kuma a wane akurki aka samo?" Ya ce, "To Usta, ni guduma na iya. Ido na da shi, hannu ne babu. Kai kuma hannu gare ka, ido ka baro a gida." 

Yanzu mukan sha shayi tare da la'asar. Ya zo da ganyen shayin gida, muna dafawa da gishiri, masu zane suna toshe hanci wai mun ɓata madara. Amma yana da ɗan'uwa a can ƙetaren kogi, wurinsa yake kwana. Ni in na koma sai ɗaki da bango. Nakan dafa shinkafa ta mutum ɗaya, in ci a tsaye, don zama a gaban kwano ba mai cewa ƙara ya fi yunwa ciwo. Ina kewarki. Ban saba rubuta wannan ba, Yaya Samad ya karanta ya wuce, ban da tari.

Ki taimake ni da ganyen nan. Wannan karon roƙo nake.

Mijinki,
Subhan

Kalkata, 26 ga Jimada Ula, 1312

Zuwa ga mai ɗakina Saja,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Na san sanyi ya fara, ki riƙa sa wuta a kangiri, kaskon jin ɗuminki, tun da safe saboda gwiwar, kada ki ce za ki yi tattalin gawayi.

Ya iso. Allah ya saka miki da alheri. Na ga kin jira sai da ya yi ja kafin ki aiko, kin kuma naɗe shi a ƙyallen tsohon mayafinki mai ruwan toka. Na gane mayafin kafin in ga ganyen.

Na shimfiɗa shi kusa da zanena, kunya ta rufe ni. Lassa bai yi ƙarya ba. Nawa kumbura-kumbura, gefe sumul, dama da hagu daidai wa daida. Na gaskiya kuwa yatsu biyar ne dogaye, tsagar ta shiga can ciki, kowane yatsa da haƙoransa, kuma ba inda ɓari ɗaya ya yi daidai da ɗayan. Har da wata 'yar huda da tsutsa ta yi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, yau na yarda.

Da ma na gama tire da kwanoni, butar ce nake ta jan ƙafa a kanta. Lassa ya fitar mini da jikinta da ɗan kauri, ya ce, "Ga fili nan, Usta, ka yi haƙoranka, ba za ta ɓule ba." Na narka ƙaro da garin bulo na cika cikinta, ya daskare don ta jure bugu. Sai da na wasa sababbin ƙarafan zane guda huɗu, don tsofaffin duk bakinsu ya saba da zagaye. Yau kwana goma sha bakwai ina kanta. Ganyen yana gabana a ƙarƙashin gilashi, ba na ɗora ƙarfe sai na kalle shi. Hannu yana ta son komawa tsohuwar hanya kamar jakin da ya san gida, ina ta juyo shi. Na sa ganye talatin da ɗaya, ba biyu masu kama da juna, na kuma ɓoye hudar tsutsar nan a ƙarƙashin mariƙi.

Jiya Lassa ya zo ya ɗauke ta yana juyawa. Ina ta jiran baƙar magana. Can ya ajiye, ya goge hanci da hannun riga, ya ce, a hankali kuwa, karo na farko tun da na san shi, "Usta, sai na ji ina son ganin tsohuwata." Ya koma wurin gudumarsa.

Tun da babana ya fara ɗora mini ƙarfe a hannu ban yi aiki irin wannan ba. Da ma kina nan ki gani. Jibi zan kai wa Sahib.

Naki,
Subhan

Kalkata, 15 ga Jimada Akhir, 1312

Zuwa ga mai ɗakina Saja,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, da Yaya Samad da iyalinsa. Wannan takarda ba za ta yi tsawo ba, kuma ba sai kin amsa ba.

Na kai wa Sahib butar. Ya sa tabarau ya juya ta, ya ce aiki ya yi kyau, amma wannan wane ganye ne? Na ce buni. Ya girgiza kai, ya jawo littafin hotunan kayan shago wanda ake aika wa masu saye har ƙasarsu, ya buɗe, ya ɗora yatsa. Ya ce ga zanen Kashmir nan, shi matar alƙali ta zaɓa, shi ke kan tirenta. Na duba. Kabewata ce, Saja, wadda na zana da hannuna shekara shida da suka wuce. Na ciro ganyenki daga aljihu na nuna masa. Ya kalla, ya ce ganye ne mai kyau, amma ba wanda zai gan shi a Landan ya ce Kashmir ne. Ba da faɗa ya yi maganar ba, har kafaɗata ya dafa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Azurfar ta shago ce, ba tawa ba. Aka ce a narka a sake. Ni na gasa ta na tsiyaye ƙaron, na ce ba mai yi sai ni. Sa ta a kaskon narkawa kuwa aikin Lassa ne. Ya riƙe awartaki ya tsaya, ya ce, "Usta, ka juya baya." Na ce ba zan juya ba. Kwana goma sha tara na yi a kanta, ba ta kai tafasar shayi ba ta zama ruwa.

Washegari aka ajiye mini sabon jikin buta a gaban taga. Na cika shi da ƙaro, na ɗauki tsohon ƙarfe, na zauna har hantsi ban buga ko ɗaya ba. Iyawa na iya, ko ido rufe zan yi. Sai dai yanzu na san abin da nake zanawa. Na dubi layin nan, mutum goma sha ɗaya, kowa kansa a sunkuye yana kabewa, ba wanda ya taɓa ganin buni a cikinsu. Na tambayi kaina me nake tsarewa a nan shekara tara.

Na je na ce wa Sahib ya ba wanda ke bina a layi, zai yi masa daidai da littafi. Ya ce in yi tunani, kujerar taga ba ta jira. Na ce na sani. Na naɗe ƙarafana a tsumma, su dai nawa ne, sababbin huɗun nan na sa su a sama. Lassa ya ba ni saƙon tsohuwarsa, ya ce, "Ka gaida bishiya, ka ba ta haƙuri."

Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa zuwa Rawalpindi, daga nan keken doki. An ce dusar ƙanƙara takan tare hanya a kan dutse war haka. In ta tare zan jira, in ta daɗe zan taka. Na san zan tarar da bishiyar ba ganye ko ɗaya. Ba komai, ina nan har ta yi toho, har ta sake yin ja.

Abu biyu nake roƙo. In kika ga wani tsoho mai furfura, kafaɗarsa ɗaya a karkace, ya tsaya a ƙofar gida, kada ki aiko masa da sadaka, ni ne. In kuma na tsaya ina kallonki na daɗe, kada ki tsargu. Shekara tara ina ganin fuskarki kullum in na rufe ido, kuma ina tsoron abin da na yi wa ganyen nan shi na yi mata.

Sai na iso.

Mijinki,
Subhan