Laba Dubu a Ruwan Kona

Litinin, 5 ga Agusta

Dattijo Lindqvist ya iso nan Kona, garinmu na bakin teku, daga Minnesota. Ya rame, ko kofi ya ɗaga sai hannunsa ya yi rawa. Likitansa ya ce wannan zuwan ne na ƙarshe. Shekara goma sha tara yana hayar jirgin ruwana, ni da shi muna neman abu ɗaya: marlin, ƙaton kifin teku, da ya kai laba dubu, a rataye a sikelin tashar jiragen ruwa, a rubuta sunansa da nawa a allon bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya ina wucewa ta gaban allon nan. Sunan Duarte, kyaftin ɗin wani jirgin, sau biyu. Na Baba babu, har ya rasu. Nawa babu. Abin yana ci mini rai, ba sai na ɓoye wa takarda ba.

Talata, 6 ga Agusta

Ko cizo ɗaya kifi bai yi ba. Yaya Pualani, da ke kula da zaruruwan kamun kifi, ta tsinci ayaba a jakar Dattijo, ta wurga ruwa. "Haba Dattijo, duk shekarun nan ba ka san ayaba ba ta hawa jirgi ba? Kifi take kora." Wai a otal aka cusa masa.

Alhamis, 8 ga Agusta

Duarte da sassafe ya ƙwala mini kira, da ƙarfi don kowa ya ji: "Kaleo, kamun kifi za a je ne?" Da gangan. Ya san ba a faɗa. Kifi na da kunne, in ji Baba, in za ka fita ka ce yawo za ka. Na ce, "Yawo za mu, sarkin surutu." Kifin tuna biyu ƙanana muka kama. Mun ci ɗaya ɗanye da gishiri da shinkafa.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na yau kam, sai na rubuta.

Tara da kwata, teku lumui kamar an shafa masa mai. Zaren hagu ya ɗauki ƙara. Sai marlin ta tashi. Manyan duk mata ne. Gaba ɗayanta ta fito sama, shuɗiya, baki kamar mashi, ta yi tsaye a iska kamar ba za ta sauko ba. Da ta faɗo sai da jirgi ya girgiza. Na ga kifi a rayuwata, amma yau tsoro na ji, da wani abu da ya fi tsoro.

Dattijo a kujera, ɗaure da ɗamara. Doka ce, ba mai taɓa sandar kamun sai shi, ko da yatsa, in ba haka ba kamun ya ɓaci. Awa huɗu da minti arba'in. Ina bin ta da jirgi da baya, Yaya na kwara masa ruwa a ka. Tafinsa ya fashe. "Kar ki taɓa, 'yata, ko da na suma."

Daga ƙarshe ta zo gefen jirgi ta kwanta. Na sauko da babbar ƙugiya mai ƙota. Yaya na riƙe da zare. "Ta wuce dubu, Kaleo, nesa ba kusa ba. Soka."

Idonta ya kai ƙaramin kwano, kuma ni take kallo. Ciki ya cika da ƙwai. Ratsin jikinta na haske yana dushewa, yana sake haske. Allah kaɗai ya san inda ta je da abin da ta gani a ƙasan can. Sikeli kuwa ba ya auna mai rai.

Na ce, "Dattijo, kifinka ne."

Yana haki ya ce, "Ni dai na gan ta, Kyaftin. Sauran naka ne."

Ban san lokacin da na ajiye ƙugiyar ba. Na zare ƙaramar da ke bakinta, na riƙe mashin bakin da hannu biyu, Yaya ta ja jirgi a hankali don ruwa ya ratsa ta ta farfaɗo. Na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Yawo muka fito, Uwa. Yi tafiyarki." Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, ta nutse cikin shuɗin nan marar iyaka. Mu uku muka tsaya muna kallon ruwa, sannan muka juya tasha.

Asabar, 10 ga Agusta

Duarte: "Wadda ta kuɓuce ai kullum laba dubu ce." Kaushin bakinta ya saɓule mini tafi, ina ta dubawa.

Talata, 13 ga Agusta

Na kai Dattijo filin jirgi. Hannaye a naɗe, sai murmushi yake. Ya ce in na gan ta in gaishe ta. Na san ba zan ƙara ganinsa ba, shi ma ya sani.

Na dawo na wanke jirgi, na sauya zaren hagu. Sai yanzu da na zauna rubutu na tuna: sau biyu na wuce ta gaban allo yau, ban ɗaga kai ba. Ƙila rana ce ta dallare mini ido.

Gobe akwai yawo.